Ƙanƙara a Akwatin Samfur

Rahoton mako-mako ne ya jawo masa sunan Sifili. Aikinsa sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa a wani yanki mai ƙananan asibitoci tara, kuma duk Litinin sai ya aika wa na sama da shi adadin waɗanda suka kamu da kaza da kaza. Shekara huɗu yana cika gidajen fom da sifili, sifili, sifili, har abokan aiki suka manta sunansa na gaskiya. Shi bai taɓa jin haushi ba. A ganinsa yankin da ba a ciwo abin alfahari ne, ko da kuwa dalilin rashin ciwon shi ne babu wanda ya je ya duba.

A shekara ta biyar aka kira shi bita ta kwana biyar kan binciken ɓarkewar cuta, shi da wasu talatin da huɗu irinsa. An ce duk wanda ya fita da takardar shaida zai shiga tawagar gaggawa, wadda ake ba kwamfutar hannu da riga mai aljihu shida. Sifili ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan rigar nan. Ɗakin taron yana da fanka uku, biyu na juyawa, ɗaya na kallo. Akwai majigi mai saurin ɗaukar zafi, da ban ɗaki biyu kacal a ƙarshen baranda, abin da ranar farko babu wanda ya ɗauka da muhimmanci.

Mai koyarwar kowa Dakta yake ce mata. 'Yar siririya ce mai babbar murya, kuma tana son annoba yadda wasu ke son ƙwallo. In tana ba da labarin garin da rijiya ɗaya ta kwantar da mutum ɗari biyu, sai ka ga idonta yana ƙyalli, har ka ji kunyar cewa kai lafiyarka ƙalau.

Abincin rana kuwa Yaya ce ke kawowa, yayar Sifili uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekararta ashirin da biyu tana girkin taro. Ba ta da shago, ba ta da allon talla, sunanta ne kawai yake yawo daga baki zuwa baki: a kira matar nan, hannunta da tsabta. Sifili ne ya yi mata hanyar wannan aikin wurin manajan ɗakin taron, ya kuma tabbatar kowa ya san hakan.

Ranar Litinin bayan an tashi, wani ƙaramin asibiti ya buga masa waya cewa ana ta zawo a wata unguwa. Karon farko ke nan da adadi ya ƙi zama sifili. Ya hau babur ya je ya karɓo samfurin bayan gida na mutum biyar a 'yan kwalabe, ya jera su a shuɗin akwatin sanyi da ke ɗaure a bayan babur ɗinsa, ya nufi ɗakin gwaji. Hanyar duk ramuka ce. Da aka buɗe akwatin sai ga kwalba ɗaya ta rabu da murfinta, ta yi abin da ta ga dama. Mai gwajin ya karɓi huɗun da suka tsira yana kawar da kai. Sifili ya zagaya bayan ginin, ya sakar wa akwatin ruwan famfo, ya girgiza, ya shinshina, ya ga babu laifi, ya mayar ya ɗaure.

Washegari da safe, kamar da gayya, darasin Dakta a kan ɗaukar samfur ne. Ta tambaya me ake yi wa akwati in abu ya zube a ciki. Sifili ne ya riga kowa ɗaga hannu.

“A sa safar hannu, ranki ya daɗe, a zuba ruwan kilorin, a bar shi ya jiƙa, sannan a wanke a shanya.”

“Ku tafa masa,” in ji Dakta. Aka tafa masa.

Awa uku bayan tafin, Yaya ta yafito shi daga bakin baranda inda ta jera abinci: shinkafa, kaza, salak, da lemon da ta matse da hannunta cikin babbar roba.

“Auta, murfin kulata ya fashe, ƙanƙara na narkewa. Nemo min abin zubawa, maza.”

Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka a kan babur. Ya kwanto akwatin ya kawo mata.

“Wannan na mene ne?”

“Na allurar rigakafi ne, Yaya. Ya fi farantin gidanki tsabta.”

Ba mugunta ce ta sa shi ƙaryar ba, gudun dogon bayani ne. A ransa ya ce ai ruwa ya wanke, kuma sanyi yana kashe komai. Mutumin da aka tafa wa da safe ke nan, ya manta cewa aikin akwatin gaba ɗaya shi ne ya kai ƙwayar cuta ɗakin gwaji da ranta da lafiyarta. Yaya ta juye ƙanƙara a ciki, tana ɗiba da ludayi tana sa wa duk mai shan lemo a kofi. Shi Sifili bai sha ba, yana da wani haƙori da ba ya shiri da sanyi.

Ranar Laraba da ƙarfe tara, kujeru goma babu kowa a kai. Waɗanda suka zo ma zaman nasu a ɗofane yake, kowa ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Dakta ta fara bayani kan matakai goma na binciken ɓarkewar cuta. Tana kan mataki na biyu ta tsaya cak, ta ajiye makirufo a hankali, ta fita da wata irin tafiya mai cike da mutunci da sauri. Da ta dawo fuskarta ta faɗa, amma idon nan yana ƙyalli.

“Jama'a, Allah ya kawo mana darasi har gida. Ku rufe littafin nan. Wa ke zawo? A ɗaga hannu.”

Manyan ma'aikata kowa yana kallon takalminsa. Can wani mai ƙaton ciki ya miƙe ya ruga waje da hannunsa a sama, shi ke nan kunya ta kare, hannuwa suka tashi.

“Madalla. Yanzu muna buƙatar shugaban bincike, wanda zai iya tsayuwar minti ashirin a wuri ɗaya. Malam Sifili, na ga kai garau kake.”

Ya miƙe yana murmushi, yana jin ƙamshin riga mai aljihu shida. Dakta ta sa aka buga wa waɗanda ba su zo ba waya, aka tambayi kowa lokacin da cikinsa ya fara juyawa, ta zana lokutan a allo. Zanen ya tashi tsauni guda, alamar abu ɗaya ne ya same su a lokaci ɗaya. Ta ƙirga baya da yatsa, yatsan ya tsaya a kan abincin ranar Talata. A daidai nan shuɗin akwatin ya faɗo wa Sifili a rai. Gumi ya keto masa, har na kusa da shi ya matsar da kujera ya ba shi hanya, a zatonsa shi ma abin ya zo.

Aka shiga tsara ma'anar wanda za a ƙirga a matsayin mai cutar. Aka ce duk wanda ya ci abincin ranar Talata kuma ya ziyarci ban ɗaki sau uku ko fiye. Wani dattijo da ake kira Baba Ƙa'ida, wanda saura masa wata takwas ya yi ritaya, ya ce bai yarda ba.

“To wanda ya je sau biyu amma ya daɗe fa? Ni nawa biyun sun fi biyar ɗin wasu.”

Sai da aka kashe minti goma sha biyar a kan wannan, kafin Baban ya fita ya cike na ukun, magana ta mutu.

Shugaban bincike shi ke rubuta tambayoyi a manhaja. Sifili ya zauna da kwamfutar hannu yana dannawa. Ka ci shinkafa? Ka ci kaza? Ka ci salak? Ka sha lemo? Ka sha ruwan gora? Yatsansa ya tsaya a kan layi na shida, ya ɗan yi shawagi, sannan ya danna “kammala”. Babu wanda ya tuna da ƙanƙara. Wa ke ƙirga ƙanƙara a cikin abinci?

Aka bazu neman amsa. Rabin hirar ta bayan ƙofar ban ɗaki aka yi ta, mai tambaya a waje yana ɗaga murya, mai amsa a ciki yana ba da amsa a gutsure. Kafin azahar jadawali ya fito a majigi. Cikin mutum talatin da shida, har da Dakta, sha tara sun kamu. Shinkafa da kaza da salak ba su nuna komai ba, masu ci da marasa ci duk kusan ɗaya. Amma cikin ashirin da biyu da suka sha lemo, sha takwas suna kwance ko suna kan layi. Cikin sha huɗun da ba su sha ba, mutum ɗaya ne tak ya kamu.

“Lemo!” in ji Dakta, ta bugi tebur. “Kun ga kyawun lissafi? Bai san kowa ba.”

Manaja yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji. Kafin a kashe majigi ya buga wa Yaya waya ya ce kada ta sake kawo ko da ruwa ne. Sauran kuma kowa ya ɗauki wayarsa yana shaida wa matarsa ko mijinta abin da ya kwantar da shi, da sunan wadda ta matse lemon.

“Wane ne ɗayan nan da bai sha ba amma ya kamu?” Dakta ta tambaya.

“Baba Ƙa'ida ne, ranki ya daɗe. Yana da ciwon suga, ba ya shan zaƙi.” Sifili ya gyara murya. “Ina ga a cire shi kawai. Tsufa ne. Cikin tsoho ai ba ya buƙatar dalili.”

“Ba a cire mutum don ya ɓata maka jadawali. Gobe ka sake yi masa tambayoyi. Yau kuma ka je ka karɓo samfurin bayan gidan mai girkin. An ce yayarka ce ko? Ya zo da sauƙi ke nan, ba za ta ji kunyarka ba.”

Da la'asar ya faka babur a ƙofar gidan Yaya, ya kwanto akwatin, ya shiga da sallama ƙasa-ƙasa. Kicin ɗinta da kullum yake a hargitse da hayaƙi da ƙarar wuƙa, yau shiru. Manyan tukwane uku a kife, an goge su har suna ɗaukar ido. Buhun lemo yana jingine da bango, rabinsa ta zubar a bola. Tana zaune a kan 'yar kujera, wayarta a kife a ƙasa.

“Shugabar makarantar nan ta kira,” ta ce ba tare da ta ɗago ba. “Taron yaye ɗalibai na ranar Asabar, ta ce na bari tukuna. Masu taron ƙungiyar direbobi ma sun kira. Ko awa huɗu ba a yi ba, Auta.”

“Za a gano gaskiya, Yaya. Bincike ake yi.”

“Na wanke lemon nan sau biyu. Na wanke robar da ruwan zafi.” Ta juya tafukan hannunta tana dubawa, gaba da baya, kamar na wata ne aka ba ta aro. “Ko wani abu ne a jikina ban sani ba? An ce mutum yana iya ɗauke da cuta shi bai ji komai ba. Shekara ashirin da biyu ina ba mutane abinci, ko jikokina na ba su lemon nan.”

Wannan maganar ta fi masa zagi ciwo. Tausayinta ya kama shi, kunyar kansa ta rufe shi, amma tsoro ya fi su duka ƙarfi. Ya zaro 'yar kwalba mai ƙaramin cokali a murfi, ya miƙa mata yana kallon rufin ɗaki.

“Wannan fa?”

“Samfur za ki sa a ciki.”

“Na lemon?”

“Na… naki, Yaya. Na bayan gida. Kaɗan ake so, cokali ɗaya.”

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. “Ni na wanke maka naka shekara uku ban taɓa cewa a auna ba. Yau ni ce za ka miƙo wa cokali.” Amma ta karɓa, don ita ma tana son ta sani.

Ta daɗe kafin ta dawo. Ta naɗe kwalbar a leda biyu da tsohon ɗankwali, ta ajiye a ƙasa ta tura masa da ƙafa. Sifili ya sa safar hannu, wannan karon komai bisa ƙa'ida, ya jawo shuɗin akwatin ya buɗe, ya saka a ciki. Yana rufe murfin ya ji shirun ya canza. Ya ɗago. Idon Yaya yana kan akwatin, a kan wani ɓalli na gefe da aka ɗaure da waya, wanda ta gani ranar Talata.

“Auta.”

“Na'am, Yaya.”

“Wannan ba shi ne na allurar rigakafi ba?”

Ya sunkuyar da kai yana gyara safar hannu.

“Abin da ake sawa a ciki ke nan? Abin da na ba ka yanzu?”

“Na wanke shi, wallahi na wanke…”

Ludayin ƙarfe ne mafi kusa da hannunta. Na farko ya same shi a kafaɗa, na biyu a gwiwar hannu, na uku hular ta tare. Babban jami'in sa ido, mai 'ya'ya uku, yana zagaya tukwane da safar hannu yana ba da haƙuri, tana bin sa tana faɗin abubuwan da ba za su rubutu ba. Sai da numfashinta ya ƙare ta zauna, ta jefar da ludayin. Ya faɗa mata komai, tun daga ramukan hanya har tambayar da ya ƙi sawa a manhaja.

Ta sunkuya ta ɗauki ludayin ta ajiye a kan tukunya. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka.

“Wa ya sani?”

“Ni da ke.”

“To ya tsaya nan. In ka faɗa za su kore ka?”

“Takardar dai ba zan samu ba. Sauran sai abin da oga ya ce.”

“Ka yi shiru. Ni na tsufa, dama bayana ya fara ciwo. Kai kana da yara a makaranta. A ce lemona ne, mutane za su yi surutu su gaji.”

Ta faɗe shi ne kamar tana aikensa kasuwa. Ya san ƙarya take yi game da bayan, ya kuma san mutane ba sa gajiya da irin wannan surutun. Ya ɗauki akwatinsa ya fita, kafaɗarsa tana zugi, kuma abin kunyar shi ne a kan hanya ya ji wani sauƙi-sauƙi a ransa.

Ranar Alhamis aka zo jin sakamako. Yawancin marasa lafiyan sun dawo, sun rame, kowa da gorar ruwan gishiri da suga a gabansa. Manaja ya zauna a baya da biro, yana jiran abin da zai rubuta wa sauran masu ɗakunan taro. Sifili ya tsaya gaban majigi. Ya nuna tsaunin lokuta, ya nuna jadawali, ya yi bayani tiryan-tiryan har Dakta tana gyaɗa kai. Rigar nan saura taku ɗaya. Sai shafin ƙarshe ya fito, shafin shawarwari, wanda shi da kansa ya rubuta da safe: a dakatar da mai girkin, a sanar da duk wuraren da take kai abinci.

Ya buɗe baki zai karanta, sai ya ga hannayen Yaya biyu a ransa ana juya su gaba da baya. Ya sake gwadawa, harshen ya ƙi. Fanka biyu suna ta aikinsu.

“Muna jin ka,” in ji Dakta.

“Akwai tambaya ɗaya da ban yi ba, ranki ya daɗe.” Ya juya. “Baba, ruwan gorar da ka sha ranar Talata, haka ka sha shi?”

“Haka fa. Ruwa ai ruwa ne.”

“Ba ka sa komai a ciki ba?”

Baba Ƙa'ida ya sosa gemu. “To, da zafi na same shi. Na dai ce wa baiwar Allahn nan ta jefa min ƙanƙara biyu a kofi.”

Dakta ta miƙe zaune sosai.

“Duk wanda aka sa wa ƙanƙara ya ɗaga hannu,” in ji Sifili. Hannuwa suka tashi, kusan duk na ramammu. Wasu mata uku da suka sha lemo ba su kamu ba suka ce su dama sun ce kada a sa musu, suna mura.

Sifili ya fita. Aka ji ƙarar kwance igiya a waje. Ya dawo rungume da shuɗin akwatin, ya ɗora a kan teburin Dakta kusa da makirufo.

“A cikin nan aka zuba ta. Ni na ba da shi. Ranar Litinin samfur ya zube a ciki, na ɗauraye da ruwan famfo. Mai girkin ba ta sani ba, ce mata na yi na rigakafi ne.”

Da farko babu wanda ya yi motsi, kowa yana haɗa lissafin abin da ya sha. Sai mai ƙaton cikin nan ya toshe baki ya ruga waje, wannan karon ta sama abin ya zo. Ɗaki ya kaure. Wata ta jefo gorar ruwa, wani yana rantsuwa sai ya kai ƙara, Baba Ƙa'ida yana ta maimaita cewa shi fa tun farko ya ce kada a cire shi. Dakta ta sa safar hannu, ta buɗe akwatin, ta goga auduga a lungunansa ta rufe a kwalba, fuskarta ta kasa zaɓa tsakanin fushi da murna.

“A shekara goma sha tara ina koyarwa,” ta ce, “ban taɓa samun misali mai kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa samun ɗalibi mai haɗari kamarka ba. Takarda dai babu. Zan rubuta wa oganka yau. Amma wannan tambayar ta ƙarshe, haka ake yin ta.”

Babu wanda ya tafa.

Ranar Juma'a, lokacin da sauran ke gwada riguna suna ƙirga aljihu, sakamakon Yaya ya fito babu komai, na akwatin kuma ya fito da komai. Sifili ya ɗauka magana ta ƙare. Ya kai wa Manaja takardar, Manaja ya karanta ya ce ya gani, amma fa mutane sun riga sun ji, shi ba zai iya bin kunnuwa yana kwashe magana ba.

To shi Sifili abin da aka koya masa ke nan a kwana huɗu. Ya samu takarda ya ja layuka: wa ya ji, daga bakin wa, yaushe, shi kuma wa ya faɗa wa. Ya bi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, masu kula shi da masu tsaki. Sunaye suka kai sittin da ɗaya. Ya hau babur ya shiga bin su gida-gida da ofis-ofis, a kowace ƙofa yana maimaita labarin da ba a so a ji, musamman in ana cin abinci. Shugabar makarantar ta saurare shi da hankici a hanci, ta ce za ta yi tunani. Sakataren direbobi ya yi dariya har da hawaye, ya kira mutum huɗu ya ce a sake daga farko. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ai dole ƙane ya rufa wa yayarsa asiri, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai, don bai san da wace takarda ake warkar da shi ba.

Ranar Asabar da rana ya isa gidan Yaya, ƙura har gira. Taron yaye ɗaliban ana can ana yin sa da abincin wata. Ya same ta ta ɗora ƙaramar tukunya, ta gida.

“Na ce ka yi shiru,” ta ce.

“Kin ce.”

“Yanzu ga shi, ni babu taro, kai babu takarda. Wa ya ci riba?”

“Saura mutum ashirin da shida ban gani ba. Litinin zan ci gaba, oga ya ba ni hutun dole.”

Ta harare shi, idonta ya kawo ruwa, ta juya ta buɗe tukunya don kada ya gani. Kwana uku ke nan maƙwabtan da suka saba turo kwano ba su turo ba. Ta zuba shinkafa ta cika faranti, ta ɗora kaza, ta matse lemo a kofi. Ya miƙa hannu zai zauna a tabarma.

“Ba nan ba. Ɗauki kujerar nan ka fita ƙofar gida.”

“A titi, Yaya?”

“A titi. Ka zauna inda kowa zai gan ka, ka ci a hankali. In ka cinye ka turo farantin a ƙaro.”

Ya ɗauki kujera da faranti ya fita. Mai shagon da ke kallon gidan ya leƙo, matar da ke shanya a bene ta tsaya da zane a hannu. Sifili ya zauna a tsakiyar idanunsu ya fara ci. Yaya tana tsaye a bayan ƙyaure, tana leƙen titin ta 'yar kafa, tana jiran ta ga ko akwai wanda zai turo kwano.